Tambaya da Amsa: Agogon Butloda da Wa'adin Jira

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu ɗaya, shi ya sa muka haɗa su. Dukkansu a kan butloda ne, wato ƙaramar manhajar da ke fara tashi idan an kunna na'ura. Aikinta ta ɗan saurara ko akwai sabuwar famwaya, wato manhajar da ke zaune cikin na'ura, da ake son loda wa cip, in babu ta miƙa ragama ga babbar manhaja. Rigimar duk tana cikin wannan ɗan sauraren: tsawon wane lokaci, da wane agogo aka auna shi, kuma me za a yi idan wa'adi ya cika.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina aikin kammala karatu a kan cip ɗin STM32. Na saita taima (agogon ƙirge na cikin cip) tana bugawa duk milisakan 10, na kuma ba butloda wa'adin milisakan 10 ta jira kowane bayit daga kwamfuta. Wani lokaci loda famwaya yana tafiya lafiya, wani lokaci sai ta ce wa'adi ya cika alhali ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Waya ce ko cip ɗin ne? Daga Yelwa, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka bar waya da cip, lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana cikin ƙirgen.

Taimarka ba ta san lokacin da ka fara jira ba. Tana can tana bugunta, kai kuma kana iya shigowa a kowane wuri tsakanin bugu biyu. Idan ka karanta ƙirge ana gab da bugu na gaba, saura maikrosakan 50 misali, to bayan maikrosakan 50 ɗin ƙirge zai ƙaru da ɗaya, manhajarka ta ɗauka milisakan 10 sun wuce. Idan kuwa ka shigo daidai bayan bugu, za ka samu kusan cikakkun 10 ɗinka. Ke nan wa'adin bugu ɗaya yana iya zama komai daga sifili zuwa milisakan 10, kuma sa'a ce ke zaɓa maka. A gudun bit 115200 a sakan, bayit ɗaya yana cin maikrosakan 87 kafin ya gama shigowa, domin bit 10 ne ake turawa: na buɗewa, 8 na saƙo, da na rufewa. Duk ranar da ka shigo a ƙarshen bugu, wa'adinka zai cika tun bayit ɗin yana kan hanya.

Ƙa'idar ita ce, jiran bugu N yana ba ka lokaci tsakanin N ban da ɗaya zuwa N. Gyara biyu ake yi, kuma gara ka yi su duka. Na farko, ƙara bugu ɗaya a kan abin da kake buƙata, domin mafi ƙarancin jira ya tabbata. Haka HAL_Delay, lambar jira ta kamfanin ST mai ƙera STM32, take yi, shi ya sa HAL_Delay(1) ke cin tsakanin milisakan 1 zuwa 2, abin da ke ba mutane mamaki idan sun ɗora shi a osiloskof, na'urar da ke zana sigina a allo. Na biyu, rage tazarar bugun. Mu a ganinmu bugu ya zama aƙalla sau 10 ƙasa da mafi gajeren wa'adin da za ka auna. Kana son milisakan 10, to ka yi bugun milisakan 1, ka jira 11.

Akwai wani rami kusa da wannan, a wajen juya milisakan zuwa bugu. Mai amfani da kiristal na agogo, mai bugu 32,768 a sakan, milisakan ɗaya a wurinsa bugu 32.768 ne. Rabon lambobi a C yana yar da ragowa, sai ka samu 32, wato jiranka ya gajarce da kashi 2.3 cikin ɗari. Idan takardar bayanan na'ura ta ce a jira aƙalla kaza, sama ake cikasawa: (ms * 32768 + 999) / 1000. Ka kuma lura da ninkawar kanta. A megahaz 72, ms * 72000 yana cika ma'ajin bit 32 da zarar ms ya wuce 59,652, daga nan wa'adin minti ɗaya ya koma kashi ɗaya cikin uku na sakan.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Muna haɗa na'urar kula da famfon rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Na rubuta jira kamar haka: idan yanzu ya kai fari haɗe da wa'adi, a daina jira. Taimar mai bit 16 ce. Yana aiki sau da yawa, amma jefi-jefi yakan fita nan take. Da na gyara zuwa ragi sai ya yi daidai a ATmega328P, amma da na kai lambar kan STM32 sai ya maƙale har abada. Daga Tumfure, Gombe.

Amsa: Barka kadai, Injiniya. Cuta biyu ka haɗu da su a jere, kuma ta biyun ta fi ɓoyewa.

Taima mai bit 16 tana ƙirgawa zuwa 65,535 sannan ta koma sifili, kamar mitar tafiyar babur idan ta cika. A ce ka fara jira ƙirge yana 65,500, wa'adi kuma 100. Jimla 65,600 ce, ba ta shiga bit 16, sai ta zama 64. Manhaja ta duba, 65,501 ya fi 64, ta ce an gama. Wannan shi ne fitar nan take. Ragi ne maganinsa: yanzu a cire fari, a gwada da wa'adi. Bayan taima ta zagayo ta kai 64, 64 a cire 65,500 a lissafin bit 16 marar alama yana ba da 100 cif. Lissafin da kansa yake haɗiye zagayowar, ba sai ka sa wani sharaɗi ba.

Abin da ya same ka a STM32 kuwa dokar harshen C ce. Kafin a yi ragi, duk lambar da ta fi int ƙanƙanta ana ɗaga ta zuwa int. A AVR, dangin ATmega, int bit 16 ne, don haka lissafin ya tsaya a bit 16. A ARM, wanda STM32 ke kansa, int bit 32 ne mai alama, sai 64 a cire 65,500 ya zama lamba ƙasa da sifili, wadda ba za ta taɓa kai 100 ba idan wa'adin ma int ne ko bit 16. Dole ka mayar da sakamakon cikin girmansa da hannunka:

if ((uint16_t)(yanzu - fari) >= waadi)

Sharaɗin dabarar ɗaya ne: wa'adi ya gaza tsawon zagaye guda, kuma ka riƙa leƙa taimar kafin ta cika zagaye guda daga lokacin da ka fara. Don haka ka san zagayenka. Bit 16 a bugun maikrosakan 1 yana cika a milisakan 65.5. ATmega mai megahaz 16 da aka raba agogonsa da 1024 yana bugu duk maikrosakan 64, zagayensa sakan 4.19. SysTick, taimar da ke cikin Cortex-M (zuciyar STM32), bit 24 ne, kuma ƙasa yake ƙirgawa, saboda haka ragin juyawa yake: na baya a cire na yanzu, a tace da 0xFFFFFF. A megahaz 72 yana zagayowa duk milisakan 233, a megahaz 168 kuwa ƙasa kaɗan da 100. Wanda ke son wa'adin sakan 3 da SysTick ba tare da intarof (kiran da ke katse wa cip aiki na ɗan lokaci) ba, sai ya riƙa tara bambancin cikin ma'aji mai bit 32 a kowane zagayen jira.

Ƙirgen milisakan mai bit 32 yana cika bayan kwana 49.7. Butloda ba ta kai wannan tsawon rai, amma lambar jira ɗaya ce ake kwafewa zuwa babbar manhaja, famfonku kuma watanni zai yi a kunne. Manya ma sun faɗa wannan rami. Windows 95 da 98 suna da matsalar sandarewa bayan kwana 49.7, kuma a 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba da umarni a kan Boeing 787 saboda na'urorin kula da janaretocinsa na iya kashe kansu idan sun kwana 248 a kunne ba hutu. Masu Linux sun yi wata hikima da ya kamata ka ara: suna fara ƙirgen bugunsu mai suna jiffies saura minti 5 ya zagayo, domin duk lambar da ba ta iya zagayowa ba ta tona kanta tun a teburin gwaji. Kai ma ka fara ƙirgenka daga 0xFFFFF000 maimakon sifili. A bugun milisakan 1 zai zagayo bayan kusan sakan 4.

Abu na ƙarshe a kan AVR: cip ne mai bit 8, karanta lamba mai bit 32 aiki huɗu ne a wurinsa. Idan intarof ya faɗo a tsakiya ya ƙara ƙirge, za ka samu rabi tsoho rabi sabo. Ka rufe intarof yayin karatun, ko ka karanta sau biyu har su yi daidai.

Tambaya: Ina gaisuwa. Butlodata a kan STM32F407 tana karɓar famwaya ta tsarin aika fayil na YMODEM. Ƙananan fayiloli suna wucewa. Manya kuwa kullum wuri ɗaya suke tsayawa, a adireshi 0x08020000, wani lokaci kwamfuta ta ce babu amsa, wani lokaci allon ya sake tashi da kansa. Ni malama ce mai koyar da lantarki a Gwallameji, Bauchi.

Amsa: Muna amsawa, Malama. Adireshin da kika kawo ya riga ya faɗi mai laifi. Filashin F407, wato ƙwaƙwalwar da famwaya ke zama a ciki, ba a yanka shi daidai-wa-daida ba: sassa 4 na farko kilobayit 16 kowanne, na biyar 64, daga nan sauran duk 128. Jimlar na farkon kilobayit 128 ce, wato 0x08020000 shi ne bakin babban sashe na farko. Goge sashe mai kilobayit 16 yana cin kusan milisakan 250, iyaka 500. Goge mai 128 yana cin sakan 1 a al'ada, yana iya kai sakan 2, kuma wannan idan wuta tana tsakanin bolt 2.7 da 3.6 ana aiki da bit 32 a lokaci guda. Idan an sauko zuwa bit 8 saboda ƙarancin wuta, har sakan 4 yana kaiwa. Duk wa'adin da kika gwada da ƙananan sassa ya yi daidai, a nan zai karye.

Abubuwa uku ne ke faruwa cikin waɗannan sakanni.

Kwamfuta tana jiran amsar tubalin, wato guntun fayil, da ta aiko. Idan wa'adinta sakan 1 ne, za ta gaji ta sake aikowa, ko ta yanke. Bayit ɗin da ta sake aikowa kuma suna zuba a UART, ƙofar da bayit ke shigowa cip, ba mai kwashewa, tutar cikowa ta tashi, kuma idan lambarki ba ta share tutar ba karɓa ta rikice ke nan.

Cip ɗin kansa a tsaye yake. Filashin banki ɗaya ne, yayin da ake goge shi duk yunƙurin ɗauko umarni daga cikinsa jira yake yi. Intarof na SysTick ma a filashi yake zaune, don haka bugu 1000 ko 2000 za su wuce, a ƙirga ɗaya kacal, domin tutar jiran intarof guda ce. Agogon manhajarki zai farka yana ganin milisakan ɗaya ne ya wuce. Wannan ya sa ba a dogara da HAL_GetTick wajen auna abin da ya faru lokacin gogewa. Taimar ƙarfe mai ƙirga kanta, irin TIM2 mai bit 32, ita ce ba ta barci.

Na uku ita ce taimar gadi, wocidog, wadda ke sake tayar da cip idan ba a taɓa ta a kan lokaci ba. Ta STM32, IWDG, ba ruwanta da tsayuwar cip, agogonta daban ne, kuma da zarar an kunna ta babu mai kashe ta sai sake tashi. Agogon nata, LSI, ana ce masa kilohaz 32, amma takardar bayanai ta ba shi daga 17 zuwa 47. Wa'adin da kika lissafa sakan 2 yana iya zama sakan 1.36 a wani cip ɗin. Wannan ne sake tashin da kike gani, kuma shi ya sa allo ɗaya zai yi, ɗan'uwansa ya ƙi.

Ga yadda za ki tsara shi. Tubalin farko na YMODEM yana ɗauke da sunan fayil da girmansa. Ki lissafa sassan da ake buƙata daga girman, ki goge su duka kafin ki nemi tubalin bayanai na farko, sashe ɗaya bayan ɗaya, kina taɓa wocidog tsakanin kowane biyu. Ki ba wocidog rabo 64 da ƙirge 4095: sakan 8.2 a tsakiya, 5.6 idan LSI ya yi gudu iyakarsa, wanda ya rufe mafi munin gogewa. A ɓangaren kwamfuta, wa'adin wannan mataki ya zama adadin sassa sau sakan 2 da ɗan ƙari, ya bambanta da wa'adin tubalan yau da kullum. Bayan gogewa ki kwashe duk abin da ya taru a UART, ki share tutocin kuskure, sannan ki aika harafin C, alamar YMODEM ta neman tubali.

Wa'adin tubalin ma lissafa shi ake yi. Tubali mai bayit 1024 da kansa da jelarsa 1029 ne. A 115200 milisakan 89 ne, a 9600 kuwa sakan 1.07. Wanda ya rubuta sakan 1 ga dukan tubali ya sauke gudu zuwa 9600 saboda doguwar waya, ba tubali ɗaya da zai wuce. Tsarin XMODEM na asali, magabacin YMODEM, wanda Ward Christensen ya fitar a 1977, ya raba su: sakan 10 na jiran farkon tubali, sakan 1 tsakanin bayit da bayit, a gwada sau 10 a haƙura. Har yau rabon yana da kyau. Kada kuma ki matse wa'adin tsakanin bayit ƙasa da milisakan 50 ko makamancin haka idan ta USB ake bi, domin na'urorin juya USB zuwa UART tara bayanai suke yi su aiko a dunƙule. Na FTDI suna iya riƙe abin da suka karɓa har milisakan 16 kafin su miƙa wa kwamfuta.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na sa wocidog a Arduino Nano. Da ya yi aikinsa sau ɗaya sai fitila ta kama ƙyaftawa da sauri, allon bai ƙara tashi ba sai na cire wuta. Mai gyaran inbata, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Tare da naka, Malam. Tsohuwar butloda ce a allonka. A ATmega328P, idan wocidog ya tayar da cip, yana nan a kunne bayan tashin, kuma ya koma mafi gajeren wa'adinsa, kusan milisakan 16. Tsohuwar butlodar Nano ba ta kashe shi, tana tsayawa jiran kwamfuta fiye da haka nesa ba kusa ba, sai ya sake tayar da ita, haka dai ba iyaka. Babbar manhajarka ba ta samun damar ko buɗe ido.

Ka ɗora sabuwar butloda, Optiboot, ta fil shida na ISP da ake rubuta wa cip kai tsaye, da USBasp ko wani Arduino. Ita ce a Uno, girmanta bayit 512, gudunta 115200, kuma Nano na asali ma sun koma kanta tun 2018. Yawancin na kasuwa ne ke zuwa da tsohuwar, mai gudun 57600. Optiboot tana duba dalilin tashi, kuma wocidog ɗin ma shi take amfani da shi a matsayin wa'adinta na kusan sakan 1. Idan kuwa butlodar taka ce ka rubuta, layin farko ya zama adana MCUSR, rajistar da ke riƙe dalilin tashi, a share ta, sannan a kira wdt_disable. Jerin yana da muhimmanci, domin muddin tutar WDRF ta cikin MCUSR tana tsaye ba a iya kashe wocidog.

Tambaya: Salam. Muna da na'urar bin sawun Keke Napep. GPS da butloda suna amfani da UART ɗaya. Idan GPS yana haɗe, na'urar ba ta taɓa shiga babbar manhaja. Haka kuma wani allonmu mai butlodar U-Boot yakan tsaya a wurin karɓar umarni idan wuta ta dawo. Daga Azare.

Amsa: Wa alaikas salam. Muna kyautata zaton butlodarku tana sabunta wa'adi duk lokacin da bayit ya shigo, ko wane iri ne. GPS irin NEO-6M yana zubo jimlolinsa duk sakan a gudun 9600 tun daga kunnawa. Idan wa'adinku sakan 2 ne, kafin ya cika wani saƙon ya iso, ƙirge ya koma farko. Butloda tana zaune tana sauraron wanda ba da ita yake magana ba.

Wa'adi biyu ake buƙata, kuma kada ɗaya ya taɓa ɗaya. Akwai babban wa'adi da ke farawa daga tashi, wanda babu abin da ke sabunta shi sai gaisuwa ingantacciya. Akwai kuma ƙaramin na tsakanin bayit, wanda ke aiki bayan an gaisa. Gaisuwar kada ta zama bayit ɗaya, domin hayaniyar layi tana iya haifar da kowane bayit. Ku yi jerin bayit 4 ko fiye da ba ya cikin haruffan da GPS ke aikowa. Bayan gaisuwa ma ku sa iyakar kurakurai, tubali 10 marasa kyau a jere a fita. Fitar kuma ta san inda za ta: idan ba a taɓa filashi ba kuma CRC na babbar manhaja, wato lissafin tabbatar da ba ta lalace ba, ya yi daidai, a tafi can. Idan an riga an goge, babu wurin zuwa, sai a zauna a butloda ana sake neman fayil. Tsalle cikin filashin da aka goge rabi shi ne ke mayar da na'ura dutse a hannun mai ita.

Na U-Boot ɗan'uwan wannan ne. Yana ƙirga bootdelay, sakan 2 in ba a canza ba, kuma kowane harafi yana tsayar da shi. Fil ɗin RX da aka bari yana reto ba a haɗe da komai ba yana iya ɗaukar hayaniya lokacin da wuta ke dawowa ko janareta ke karɓa, U-Boot ya ɗauka mutum ne ya danna maɓalli. Ku sa rizisto mai kilo'om 10 daga RX zuwa wutar layin, 3.3 a yawancin alluna. Ku kunna CONFIG_AUTOBOOT_KEYED domin sai an rubuta kalma takamaimai ya tsaya. Ku sa bootretry, yadda ko ya tsaya zai sake yunƙurin tashi idan an ɗau lokaci ba umarni. Game da bootdelay, a kula da lambobin: 0 ba ya jira amma yana leƙa maɓalli, -2 yana wucewa ba leƙe, -1 kuwa yana hana tashi da kai gaba ɗaya. Mutane suna rikita biyun ƙarshe. Kafin ku sa -2 ku tabbata kuna da wata ƙofar shiga idan famwaya ta lalace.

Tambaya: Malam, ni ba na son taɓa taima a butloda don ta yi ƙanƙanta. Zagayen for nake yi mai ƙirga 500,000. Laifi ne? Sannan wasu allunanmu suna ƙin karɓar famwaya da rana a watan Afrilu, da safe kuma su karɓa. Daga Dadin Kowa.

Amsa: Laifi ne, ɗan'uwa, kuma ribar da kake nema ba ta kai ba, domin kunna SysTick rubutu ne a rajista uku. Tsawon zagayen ƙirge ya dogara da abubuwan da ke canzawa ba da saninka ba. Kompaila tana iya share zagayen da ba ya yin komai idan an kunna -O2 ko -Os, sai jiran ya zama sifili. Ka sa volatile ya tsira, amma tsawonsa zai bambanta daga wannan matakin matsewa zuwa wancan. Sannan gudun cip: STM32F103 yana tashi a kan agogon ciki, HSI, mai megahaz 8, bayan an kunna PLL mai ninka agogo ya koma 72, ninki 9. Jiran milisakan 900 kafin PLL ya zama kusan 100 bayansa. Wannan tarkon yana kama masu taima ma, idan sun canza agogo ba su sake lissafa ƙimar SysTick ba.

Maganar rana da safiya kuwa, ka duba ko kiristal ɗinka yana tashi. Tsohon laburaren ST na F1 yana jiran kiristal da ƙirgen zagaye 0x0500, wato 1280, ɗan lokaci ƙalilan ke nan a megahaz 8. Kiristal mai lafiya yana tashi cikin kusan milisakan 2, amma wanda aka sa wa kafasito marasa dacewa, ko allon da ya sha ƙura da ragowar man dalma, yana iya yin nawa. Idan ƙirgen ya ƙare, cip yana ci gaba a kan HSI shiru, manhaja kuma tana lissafi kamar tana kan 72. Gudun UART ya ɓace, kowane wa'adi ya ninka sau 9. HAL, laburaren ST na yanzu, tana ba kiristal milisakan 100, kai ma ka ba shi haka, kuma in ya ƙi tashi ka sake lissafa komai a kan megahaz 8, ka kunna wata fitila da za ta nuna hakan.

Idan kuwa da ma a kan agogon ciki kake, zafi yana taɓa shi kai tsaye. HSI na F103 yana iya kaucewa da kusan kashi 2 cikin ɗari idan zafi ya canza sosai, kuma akwatin ƙarfe a ranar Afrilu a Gombe ya fi iskar waje zafi da nisa. UART tana jure bambancin kashi 2 zuwa 3 ne tsakanin ɓangarorin biyu a haɗe. ATmega mai megahaz 16 a 115200 ya riga ya cinye kashi 2.1 tun daga rabon agogo, domin ainihin gudunsa 117,647 ne. Sauke gudu ba ya gyara kaucewar agogon ciki, kashin yana nan yadda yake a kowane gudu. Abin da ke gyarawa kiristal ne, ko auna gudun daga bayit na gaisuwa, kamar yadda butlodar da ST ta gina cikin cip take yi da 0x7F.

Tambaya: Bayan wa'adi ya cika butloda ta yi tsalle, babbar manhaja tana mutuwa cikin milisakan ɗaya. Me na manta? Ɗaliba daga Kashere.

Amsa: SysTick kika bari a kunne, 'yar'uwa, kuma milisakan ɗayan shi ne shaida. Bugu na gaba ya zo, cip ya nemi mai karɓarsa a teburin intarof na butloda, alhali ƙwaƙwalwar RAM ta riga ta zama ta babbar manhaja. Kafin tsalle ki rufe intarof, ki rubuta sifili a CTRL da LOAD da VAL na SysTick, ki share tutarsa mai jira a ICSR, ki kashe duk intarof na NVIC, mai kula da su, ki share masu jira, ki mayar da UART da agogo yadda suke a tashi. Sannan ki nuna wa VTOR, rajistar da ke riƙe adireshin teburin intarof, teburin babbar manhaja, ki ɗora MSP, manunin stak, daga kalmar farko ta teburin, ki yi tsalle zuwa ta biyu. Ki tuna babbar manhaja tana zaton intarof a buɗe yake kamar bayan tashi, don haka ko ki buɗe shi gab da tsalle bayan kin share komai, ko ita ta buɗe da kanta. Cortex-M0 ba shi da VTOR, a STM32F0 sai an kwafe teburin zuwa farkon RAM an juya taswirar ƙwaƙwalwa. Idan butloda ta kunna IWDG, yana bin ki cikin babbar manhaja, dole ta fara taɓa shi tun kafin ta shiga dogayen shirye-shiryenta.

Domin ki ga abin da ke faruwa da idonki, ki ware fil ɗaya, ki ɗaga shi a farkon kowane jira ki sauke a ƙarshe, ki ɗora masa osiloskof ko ƙaramar na'urar nan mai layi 8 da ke karanta sigina ta USB. Ki maimaita sau 100 ki rubuta mafi gajere da mafi tsawo. Sannan ki zare wayar UART ana tsakiyar tubali, ki cire wuta ana tsakiyar gogewa, ki kunna allon ba kiristal, ki duba ko a kowanne butloda ta dawo tana aika harafin C.